Ruwan Takin Da Na Zuba Ranar Sallah

Ba zan taɓa mantawa da wata ƙaramar Sallah da na yi a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi ba, duk da dai na so in manta. Har yau in na bi ta kusa da gidan kaji iska ta kwaso mini warin, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina aikin jinya a asibitin koyarwa, na kama ciki da falo a saman bene saboda kusa da wurin aiki. Gidan ko'ina siminti ne, ba ka samun ƙasa ko ta cikin cokali. Ni kuwa 'yar ƙauye ce. A bayan ɗakin mahaifiyata akwai 'yar garka, in za a yi miya sai dai a miƙa hannu a tsinko. Abin da ya fi ci mini rai a birni shi ne in dawo aiki a gajiye, in buɗe taga, in ga bango da wayoyin lantarki. Sai na ce tunda akwai 'yar baranda, bari in hau da ƙasar sama.

Na samo tsofaffin bokitan fenti na cika su da ƙasa, na zuba iri, na dinga ba su ruwa safe da yamma kamar marar lafiyar da aka ɗaura wa ƙarin ruwa. Duk suka mutu. Da na tona na tarar saiwar ta ruɓe, ashe ruwan ba shi da mafita. A waya na bincika na gano kuskurena: a huda gindin bokiti, a shimfiɗa tsakuwa, a cakuɗa ƙasa da yashi da busasshen taki, sannan kada a ƙara ruwa sai an tsoma yatsa an ji ƙasar ta sha iska. Na bi wannan, Allah kuwa ya amsa. Na'ana'a ta cika tsohon baho, ɗoɗɗoya ta yi kore shar, attaruhu ya fara 'ya'ya a gefen da ranar safe ke bugawa.

To daga nan kai ya kumbura. Na zama malamar gona a wurin aiki (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina). Ko hirar tsadar tumatir aka ɗauko, sai na karkato da ita zuwa barandata. Bilkisu, abokiyar aikina, har cewa take in ta hango ni sai ta duba ko da bokiti a kusa ta ɓoye, kada in huda shi.

Da azumi ya kama, na sayo tukwanen fulawa a wurin masu sayarwa a bakin titi ta wajen Tarauni, da niyyar su yi fure daidai Sallah. Na gayyaci Bilkisu da wasu abokan aiki su zo su ga ikon Allah. Sai fulawar ta ƙi ba ni haɗin kai, ganye kawai take yi. Ganin haka na je Darmanawa wurin wata mai kiwon kaji na karɓo kashinsu, na jiƙa a jarka, na toshe, na tura lungu ya yi ta tsima har ƙarshen azumi.

A ƙasan benen akwai Malam Sani, dattijo mai tuƙa adaidaita sahu, da matarsa Inna Hajara. Daga wajen Rano suka dawo birni. Tsakanina da su gaisuwa ce a bakin ƙofa, sai kunun da Inna kan hawo mini da shi lokacin shan ruwa, in karɓa in yi godiya in rufe ƙofa. Ban taɓa zama a tsakar gidansu ba.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi baƙina suka iso. Aka ci tuwo, aka sha shayi da na'ana'ar gida, aka yaba. Amma da muka fita baranda, fulawar da na cika musu kunne da labarinta ba ta buɗe ko ɗaya ba. Bilkisu ta yi murmushi irin wanda na sani. Maimakon in yi dariya a wuce wurin, sai na ce su dakata in nuna musu sirrin aikin. Na janyo jarka na buɗe.

Warin da ya taso ba ya faɗuwa. Kowa ya ja gyale ya toshe hanci, ni kuwa na dake na ce ai warin shi ne maganin. (An ce a sirka shi da ruwa mai yawa, wannan ma na manta saboda ɗoki.) Na bi bokitan da tukwanen fulawar ɗaya bayan ɗaya ina kwarara musu ina bayani. Hujojin da nake alfahari da su suka yi aikinsu tsaf. Ruwan ya fito ta ƙasa, ya bi gangaren siminti, ya zarce ta bakin baranda.

Abin da na fara lura da shi, hirar da ake yi a ƙasa ta tsaya cak. Sai na ji muryar wani dattijo yana salati a hankali. Na leƙa.

Malam Sani ne zaune a tabarma cikin sabuwar farar shadda, kusa da shi surukinsa, mahaifin mijin 'yarsa, wanda ya taso tun daga garinsu ya zo gaisuwar Sallah ta farko bayan biki. A gabansu an jera kwanukan abinci a buɗe. Ruwan ya sauka a hular Malam Sani, ya gangaro kafaɗa, ya zana layi har ƙirji, sauran kuma ya faɗa miya. Su biyun suka ɗago kai, muka haɗa ido, ga jarka a hannuna tana ɗiga. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Barka da Sallah."

Ban san yadda na sauko benen ba. Na durƙusa ina ba da haƙuri. Malam Sani ya cire hular ya dube ta, ya ce, "Tashi 'yata, ba komai, ai ruwa ne." Baƙon ya ce in dai wannan ne ruwan birni, shi gara ya koma wa rijiyarsu. Suka yi dariya, amma na ga yadda Malam Sani yake satar kallon abincin da aka kwana biyu ana tanadinsa domin baƙon nan. Na hau na kwaso duk abin da ya rage a tukunyata na sauko da shi, abokan aikina kuwa suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Na dage sai na wanke rigar da hannuna. Ina tsugune a bakin famfo Inna Hajara ta zo ta zauna kusa da ni. Cikin hira, ba da faɗa ba, take gaya mini ai tun da na huda bokitan nan ruwa ke sauko musu. Da farko ta matsar da igiyar shanya, daga baya ta ɗauke murhu daga wurin. Yau ma don nan ne kaɗai inuwa shi ya sa aka yi shimfiɗa a wurin, kuma sun ɗauka ranar Sallah ba zan yi ban ruwa ba. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tuntuni.

Ta ce, "Muna ganin yadda kike dawowa a gajiye, ki tsaya kan shukar nan kina murmushi ke kaɗai. Malam ya ce a ƙyale ki, kewar gida ce."

Wannan maganar ta fi warin jarkar shiga jikina. Wata da watanni ina koya wa mutane yadda ake kula da shuka, ban taɓa leƙawa na ga inda ruwana ke sauka ba.

Tabon bai fita duka ba, sai rini aka kai rigar ta koma shuɗiya. Fulawar kuwa takin ya ƙone ta ƙurmus kafin mako ya zagayo. Na sa faranti a ƙarƙashin kowane bokiti, na sauko da rabinsu tsakar gida, inda Inna ta fi ni iya tsinkar ɗoɗɗoya a kan kari. A nan na fara zama ina cin tuwon dare da su.

Abin da na koya shi ne, in maƙwabcinka bai taɓa kawo ƙararka ba, kada ka yi saurin ɗauka kai ne mutumin kirki. Bincika tukuna, mai yiwuwa shi ne.