Ciwon Manya Ya Kama Alhaji Buraima

Duk Bahaushen da ya zauna a Riyadh bai ji sunan Alhaji Buraima ba, zamansa bai cika ba. Mutum ne mai tsayi daidai, mai tumbi fiye da daidai, mai tafiya kamar ana ɗaukar hotonsa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ce shi direba ne mai jigilar tumatir da kankana daga kasuwar Aziziya zuwa shagunan wani kamfani. Amma iƙama takarda ce, ba ta san daraja ba. Alhaji masani ne, kuma fanninsa guda ne: ciwon da ke kama mutum washegarin ranar da ya yi tatul da barasa.

A garin da ba a kasa ta a kasuwa, inda wanda aka ji warinta a bakinsa zai ga ofishin 'yan sanda sannan ya ga jirgin gida, sai a ɗauka wannan ilimi ba shi da mai saye. Alhaji bai taɓa bari wannan ya dame shi ba. Yana da majalisa a gaban wani shagon shayi a unguwar Shumaisi, inda 'yan Najeriya da 'yan Nijar suke hutawa bayan tashi daga aiki. Su suka raɗa masa Likitan Washegari, shi kuwa ya karɓi sarautar da hannu biyu.

Makarantar da ya yi ba ɓoyayya ba ce. Shekarun baya ya tuƙa wani Bature injiniya na 'yan watanni. Wasu safiyoyin Baturen yakan shigo mota riƙe da kai, ya ce a kashe rediyo. A nan Alhaji ya fara karatu, a nan ya sauke.

"Ku ciwon kanku na rana ne da yunwa," in ji shi, yana juya shayi. "Wannan ciwon manya ne, ba a samunsa a tasha. Turawa sun ce ka ci abinci kafin ka fara, ka riƙa kurɓar ruwa tsakani, ka yi barci daga baya. Karatun 'yan firamare ke nan. Ni na wuce wurin. Kofi guda na man zaitun, ya shafe ciki kamar fenti. Ɗanyen ƙwai ya bi sahu. Sai zuma, sai habbatus-sauda, sai gahawa mai ɗaci ta rufe ƙofa."

Laouali, mutumin Maraɗi, abokin ɗakinsa kuma direba a kamfaninsu, ya taɓa tambaya: "Alhaji, wanda bai sha ba fa, mi ka samu nai?"

"Babu komai."

"To ai ga magani."

"Wannan maganin marasa harka ne," in ji Likita.

In aka tambaye shi ko shi ya taɓa kurɓa, sai ya dubi sama, ya yi murmushi, ya ce astagfirullah da wata murya mai barin ƙofa a buɗe. Gaskiyar magana, bai taɓa ba.

Ana nan sai direban mudir, wato shugaban kamfanin, ya koma ƙasarsu gaba ɗaya. Aka ce Alhaji ya riƙe baƙar motar mudir mako guda a gani. In ya yi kyau, ya rabu da warin ruɓaɓɓen tumatir har abada, ya koma cikin sanyin mota da ƙamshin turare. Tun ranar farko makullin ya ƙi shiga aljihu. A kan tebur yake kwana, a yatsa yake wuni. Majalisa ta ƙara masa suna, Na-Hannun-Daman Mudir, ya ce su bari, sannan ya gyara zama don su maimaita.

Ranar Alhamis kamfanin ya shirya liyafa a wani babban otal, da baƙi daga Turai. Da jin an ce Turawa, Alhaji ya san ranar da ya daɗe yana wa'azi a kanta ta zo. Ya tsaya a tsakar ɗaki ya shanye man zaitun, ya fasa ƙwai a baki, ya bi da sauran tawagar, Laouali yana kallo.

"Ba don zan sha ba," in ji shi, yana goge leɓe. "Amma in kana cikin manya, akwai abin da ba a ce masa a'a. Likita ba ya shiga annoba ba rigakafi."

Cikin manyan da ya shiga shi ne ɗakin jiran direbobi, kusa da wurin ajiye motoci. Bayan la'asar wani ma'aikacin otal ya turo musu ragowar liyafa: shinkafar kabsa, da kofuna masu dogon wuya, da koren kwalabe masu rawanin zinariya. Aka buɗe ɗaya, murfin ya yi ƙara, kumfa ta taso. Irin wannan kwalba Alhaji ya sha gani a talabijin, kuma ya san abin da ke cikinta. Sauran direbobin suka ɗauka suna sha kamar ruwan famfo. Ya dube su da tausayi, ga mutane ba rigakafi. Sannan ya riƙe kofi da yatsu biyu, ya nemi gafara a zuci, ya kurɓa. Zaƙi ne, da ɗan cizo a harshe. Ya ƙara, don bincike. Ya sake ƙarawa, don tabbatarwa.

Ba a jima ba cikinsa ya fara juyi, gumi ya keto. Alhaji ya gane alamun, domin shi ya rubuta su. Mudir ya aiko cewa zai bi baƙinsa a motarsu, amma a zo a kai shi filin jirgi gobe da sassafe. Mai ilimi ba ya tuƙi a wannan hali. Alhaji ya bar motar a otal, ya naɗe kwalba guda a jarida don tarihi, ya hau jirgin ƙasan cikin gari yana taunar kanumfari, yana numfashi ta gefe guda kada wani ya ji wari.

Washegari ciwon manya ya sauka da duk kayansa. An samu Likita kwance, jiƙaƙƙen tawul a goshi, yankan kokwamba a kan idanu, kindirmo da lemun tsami a gefe. Tsakaninsa da banɗaki kuwa hanya ta zama titi. Duk da haka fuskarsa tana ɗauke da wani irin alfahari, irin na mutumin da aka daɗe ana ƙaryatawa.

"Laouali, ungo makulli. Mota tana otal. Ka kai mudir filin jirgi. Kada ka yi masa surutu, kada ka taɓa rediyo. Ka ce ina fama da abin da shi ma ya sani. Zai gane, mu biyu ne."

"In ce mishi zawo ne?"

"Ka ce abin da na gaya maka."

Alhaji ya je sallar Juma'a, ya tsaya a sahun ƙarshe, baki a rufe. Da yamma akwai walimar sunan jikan Hajiya Balkissa, 'yar Damagaram mai sayar da tuwo, wadda rabin majalisar a hannunta suke ci. Mai ƙaramin matsayi da ya yi zamansa a gida. Amma ciwo irin wannan bai kamata a yi shi a ɓoye ba. Alhaji ya sa baƙin tabarau, ya shiga yana dafa bango, yana amsa sannu da ɗaga yatsa guda.

Yana zama sai ya ji ƙarar da ya sani. Ya zare tabarau. A tsakiyar tabarma ga koren kwalabe masu rawanin zinariya a jere, ana tsiyayawa a kofunan roba. Kuma ga Malam Issoufou, dattijon da ya raɗa wa jaririn suna da safe, ya ɗaga nasa zai kai baki.

Nan Likita ya ga aikin ceton rai. Ya miƙe, ya manta da bango.

"Allah gafarta Malam, ajiye. Jama'a, kowa ya ajiye. Ban so in yi magana ba, amma amana ce. Wannan abin na san shi, jiya na sha shi a cikin manya, kun ga yadda ya mai da ni. Ni da na yi rigakafi ke nan. Hajiya, a kawo man zaitun da ƙwai, a fara da tsofaffi."

Malam ya dubi kofinsa, ya dubi Alhaji. Hajiya Balkissa ta leƙo daga ƙofar ɗakin mata, ludayi a hannu.

"Alhaji Buraima, lemon inabin ne ya mai da kai haka? A shagon bakin layi na sayo shi kwali-kwali. Tun safe mai jego take sha."

Malam Issoufou ya shanye nasa, ya miƙa kofi a ƙara masa. "To Alhaji," in ji shi a hankali, "abin sha dai halal ne. Niyyar ce za mu zauna a kanta, ni da kai, bayan magariba."

Dariyar ba ta gama kwanciya ba Laouali ya shigo, makullin baƙar mota a yatsa. Ya ce ya isar da saƙo kamar yadda aka ba shi. Mudir ya ce bai gane ba, sannan ya ce tuƙin Laouali ya yi masa, ya riƙe makullin.

Ranar Asabar da asuba an ga Likitan Washegari a kasuwar Aziziya, yana ja da baya da motar tumatir. Majalisa ba ta tsige shi daga sarauta ba, ta ce ai yanzu ne ya cancanta, tunda ya yi jinyar mutum guda. A kujerar gefensa akwai kwalba mai rawanin zinariya, tsarabar suna daga Hajiya. Ta aiko masa da ita tare da saƙo: ya sha a hankali, gobe akwai aiki.