Mushe Mumuni da Makeron Dutse

Duk ƙasar Ƙonni, daga Alela har ka dangana da Illela, babu mai ilimin Mushe Mumuni. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mai ilimi irin nasa ba ya kuskure. Shekara talatin ya yi a aikin gandun daji yana kama masu saran itace. Da ya yi ritaya sai ya dawo ƙauyenmu, Gidan Alkasum, da laƙabin Mushe da ake kiran ɗan boko da shi a Faransanci, da tsohuwar hular aiki, da gilashin ƙara girman abu, da kuma tausayinmu mai yawa saboda jahilcin da ya tarar da mu a ciki.

Ilimin kuwa cikin kwana uku ya sauko masa. Bara waccan wata malamar jami'a, Dokta Muhsina, ta zo neman wasu dabbare-dabbare masu zagaye da ke fitowa a jikin duwatsu. Mu makeron dutse muke ce musu. Ita ta ce sunansu liken, wai kuma abu ne mai rai, funfuna ce da gansakuka suka haɗa zama guda. Mushe ya yi mata rakiya, ya riƙe mata jaka. Ta koma da jakarta, ta bar mana farfesa.

Daga ranar duk wanda ya ce makero a gabansa sai ya sha wa'azi. Mu ma da yake mutanen kirki ne, sai muka naɗa shi Sarkin Makero, amma a bayan idonsa.

A bayan gari akwai wani falalen dutse mai faɗi, sumul, wanda rana ke duka daga hantsi har la'asar. Tun kakannin kakanni a nan matan gari ke shanya kuɓewa da tumatir da tattasai, ba ƙasa ba raɓa. Busasshiyar kuɓewar Inna Khadija, taubashiyar Mushe, har kasuwar Ƙonni ake cigiyarta, da ita kuma take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Rashin sa'ar matan ɗaya ce: dutsen yana da makero.

Mushe ya je wa maigari Mas'udu da labarin cewa dutsen nan babu irinsa a duniya. Turawa za su zo, za a yi mana hanya, sunan gari zai shiga littafi. Maigari bai san liken ba, amma ya san hanya. Aka kewaye dutsen da ƙaya, aka kafa allo da Faransanci don matan da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, su karanta su kiyaye. Sharaɗi guda maigari ya gindaya: in takardar jami'a ta tabbatar da maganar, dutse ya zama na ilimi har abada, in ba ta tabbatar ba, ya koma hannun mata.

Nan fa bincike ya kankama. Kullum da hantsi Mushe zai hau kan dutsen, ya tsaya a wuri guda, ya yi wa duk wanda tsautsayi ya biyo da shi darasi. Ya raba makeron gida bakwai. Mai ruwan ɗorawa gidan sarauta ne. Mai ruwan lemo malamai ne. Kore fatake ne, da sauransu. Mai ruwan toka da ke laɓe a gefen arewa kuwa marasa asali ne. Sai wani ja guda ɗaya tilo, daidai wajen tsayuwarsa, wanda ya ce ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka halicci dutse. Cikin tawali'u ya raɗa masa suna Mumuniyus.

"Ku dubi wagga," yakan ce, yana nuna mai ruwan ɗorawa da sanda. "Ɗiyar sarauta ta. Ko makaho ya shahwa ta ya san jininta daban na. Waccan mai toka, ba uwa ba uba, haka nan ta hito. Ni kallo guda nika yi in gane asali, ko na dutsi ko na mutum."

Ya kankare kaɗan daga kowane gida, ya zuba a ambulan bakwai, ya aika wa Dokta a yi gwajin da ake kira ADN. Yadda na fahimta, kowane mai rai yana ɗauke da rubutun gadonsa a cikin jikinsa. Na'ura ce ke karantawa, ta faɗi wa ya haɗa kaka da wa, ko da kamanni sun saɓa, ta kuma raba waɗanda ido ke gani iri ɗaya. Mushe ya ce shi ba ya bukatar na'ura, ya aika ne don na'urar ta ƙaru.

Kaka guda ta wuce ana jira. Inna Khadija ta shanya kuɓewarta a tabarma cikin gida. Iska ta zuba mata rairayi, awaki suka ci rabonsu, sauran ta yi baƙi. Masu sayenta a Ƙonni suka shinshina suka mayar mata. Na gan ta ranar da ta dawo da buhun a kan amalanke, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ta tare Mushe a bakin ƙaya.

"Mumuni, miyar da kaka sha, bisa wane dutsi kaka tsammanin anka shanya ta?"

"Taubashiya," ya ce yana gyara hula, "kimiyya ba ta shan miya."

Da sabuwar kuɓewa ta nuna, sai Dokta ta aiko cewa tana tafe da sakamako. Mushe ya sa aka kafa rumfa, aka ari kujerun lakwal, aka ɗauko lasifikar masallaci. Ya dubi dutsen da idon mai karɓar baƙi, sai ya ga marasa asalin nan na gefen arewa za su kunyata shi. Kwana uku ya yi a durƙushe da burushin ƙarfe da toka, shi da ko butarsa ba ya ɗauka da kansa, har gefen ya yi fes.

Ranar taro ya fito da babbar riga mai aska tara, ya hau wajen tsayuwarsa. Matan gari suka zauna a bayan ƙaya, kowace da kwandon yankakkiyar kuɓewa a gabanta. Dokta ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Baba, mu keɓe in yi maka bayani tukuna."

"A'a, ɗiyata. Ilimi ba a ɓoye shi. Hwaɗi a lasihika, da Hausa, mata su ji da kunnensu."

Ta sake roƙonsa, ya miƙa mata makirufo. To, ta faɗa. Gida biyar daga cikin bakwai, da sarakunan da malaman da fataken, duk abu ɗaya ne. Wanda rana ta fi duka ya fi launi, shi ke nan bambancin. Irinsu kuma cike yake da duwatsun ƙasar nan har Illela.

Mushe ya yi murmushin manya. "Mumuniyus hwa?"

Dokta ta dubi takarda ta daɗe. Ta ce shi wannan, na ambulan na shida, ba liken ba ne. Na'ura ta sami gadon goro a ciki, da na ɗan Adam. Kowa ya dubi jan tabon, ya ɗaga kai ya dubi bakin Mushe, wanda a daidai lokacin yake tauna. Maigari ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

"Amma akwai albishir," Dokta ta yi sauri ta ce, don ta ceci dattijo. Mai ruwan tokan nan, na ambulan na bakwai, gadonsa bai yi daidai da na kowane liken da aka sani ba. Mai yiwuwa sabon iri ne. Sai dai abin da aka aika ya ƙare a gwaji, tana bukatar ƙari kafin ta tabbatar. Irinsa a hankali yake girma, faɗin tafin hannu kan fi shekarun mutum. "Baba, nuna mini inda yake."

Inna Khadija ce ta nuna mata gefen arewa da haɓa.

"Shekara aru-aru muna shanya kusa da shi bai mutu ba, ɗiyata. Sai da ya gamu da mai ilimi."

Maigari ya miƙe ya ce a janye ƙaya. Mushe ya karɓe makirufo ya shiga bayanin cewa na'urori ma suna kuskure, kuma zai rubuta wa manyan Dokta wasiƙa. Yana cikin magana mata suka hau dutsen suna baza kuɓewa, dama da hagu, gaba da baya, har suka kewaye shi. Saura wuri guda. Inna Khadija ta tsaya da kwandonta ta jira ya ja numfashi.

"Taubashi, gusa can ka ida jawabin. Inuwarka na hana kuɓewa bushewa."