Jaririn da Na Haifa a Kasuwar Sabon Gari

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a na haifi ɗa namiji, ba aure, ba ciki, kai, ba ma ɗan.

Binciken da malamina ya ɗora mini shi ne abin da zafi yake yi wa abincin jarirai na gwangwani. In gasa garin a zafi iri-iri, in auna yadda bitamin ke mutuwa, da yadda sukari da furotin ke haɗuwa su mai da farin gari ruwan ƙasa, yana ƙamshi kamar biskit. Cokali biyu kacal gwaji yake ci, amma malam ya kafe sai sabon gwangwani kowane mako, wai buɗaɗɗe ya sha iska.

Duk Asabar sai in hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, in sayo a shagon wata dattijuwa, Mama Saratu. Zuwana na biyu ta dube ni da fara'a ta ce, "Ɗana, ya mai jego?"

Kun dai san gaisuwarmu, ba a tsayawa musu. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Lafiya lau, Mama."

Shi ke nan, an haife shi. Mako na gaba ta tambayi sunansa, na ce Bitrus (sunan abokin ɗakina ne, shi ya fara zuwa bakina). Kunyar gyara ƙaryar jiya ta sa na riƙa ƙara ta yau. Bitrus ya yi zawo, ya warke. Bitrus ya fara rarrafe. Ran da na ce haƙori yana damunsa har addu'a Mama ta yi masa a tsakiyar shago, ni kuma gogan naku na rufe ido na ce amin.

A wannan shekarar nake neman Rifkatu, kuma da gaske nake, ita kaɗai nake so a duniya. Babanta tsohon hedimasta ne, dattijon coci a Jushi, wanda ya kori samari biyu kan laifin da bai kai nawa ba. Ranar da ya yarda in zo gaisuwa, na sha guga, na durƙusa a falo, ina ta "ranka ya daɗe, Baba". Har ya fara murmushi. Sai labule ya ɗaga, ƙanwarsa ta shigo da tiren zoɓo.

"La! Baban Bitrus! Ya haƙorin nasa?"

Jama'a, ashe Mama Saratu gwaggon Rifkatu ce.

Rifkatu ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ni kuwa na ga aurena yana fita ta taga. Na shiga bayani: zafi, bitamin, sukari da furotin. Baba ya cire tabarau ya ce, "Malam, ba darasi na tambaye ka ba. Ina yaron?"

Na rantse babu yaro. Ya ce to mu je ya gani da idonsa. Haka muka cika keke mai ƙafa uku guda biyu, har da Rifkatu, zuwa Samaru, ni a tsakiyar Baba da gwaggo kamar wanda aka kamo da akuyar sata.

A ɗaki na fito da takardun bincike da ƙananan kwalabe masu gari fari, ja-ja da baƙi. Baba ya karanta a tsanake, ya gyaɗa kai. Na fara numfashi. Sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gado (tsohon hedimasta ne, na gaya muku), ya jawo gwangwanaye fiye da ashirin, kowanne a lashe tas.

"Takardarka ta ce cokali biyu. Sauran fa? In babu yaro, wa ya cinye?"

Na shiga sosa ƙeya. Bitrus na gaskiya, ƙato mai gemu, yana kan katifarsa tun ɗazu. Maimakon ya rufa mini asiri sai ya ce, "Baba, ni fa ko lasa bai taɓa ba ni ba. Safe da yamma yake damawa, har da ɗan cokalinsa na roba."

Gwaggo ta tafa hannu, ta kama kumatuna ta ja. "Wayyo ni Saratu! Shi ya sa kullum kake ƙara sheƙi! Ashe kai na yi wa addu'ar haƙori!"

Rifkatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ƙasar ta tsage da na riga kowa shiga. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Maƙaryaci na san yadda zan yi da shi. Amma jariri, sai dai a ba shi mai reno. Turo iyayenka, in sun yaye ka."

An yi biki bayan na gama karatu. Yanzu muna da 'ya ta gaske, kuma abincinta a kwaba yake da kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanen Rifkatu. Darasin da na koya ɗan kaɗan ne: surukai za su iya yafe maka ɗan da ba ka haifa ba, amma ba za su taɓa daina tambaya ko ka fara cin tuwo ba.