Goran Man Shanun Inna Hajjo a Ikko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shafe daɓen wani babban kanti na Ikko da man shanu, ko da kuwa tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Har yau in an ɗora man shanu a wuta a cikin gida, ƙamshin ya iske ni a zaure, sai in ji kunyar ta dawo mini sabuwa fil.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashin nan ce, lokacin da arzikin man fetur ya fara juya wa mutane kai. Ina saurayi, ina koyarwa a firamare a Batsari. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Mu uku kuwa muka ce ido za mu ba abinci: ni, da Sale malamin gona ɗan Karare, da Lawal malamin asibiti a Safana. Muka tsayar da shawara in an yi hutun ƙarshen shekara mu tafi Ikko mu ga teku. Ni aka naɗa jagora, wai na fi su Turanci, kuma na san Kaduna (kwas aka taɓa tura ni, daga masauki sai aji, daga aji sai masauki, amma ban ga dalilin yi musu wannan bayani ba). Na je Katsina na ɗinko kwat ruwan toka, na sayi jakar hannu ta fata irin ta manyan ma'aikata. Ba ni da takardar da zan zuba a ciki, sai na cusa tsofaffin jaridu don ta yi ciki.

A wajenmu ba a tafiya hannu rabbana. Da an ji za ka yi nisa, kowa zai tuna yana da ɗan'uwa a can, kuma a ganinsu Ikko ba ta wuce ka tsaya bakin kasuwa ka tambayi gidan wane ba. Na zille wa saƙonni da yawa, amma ban iya zille wa na Inna Hajjo ba. Bafulatana ce ta wata ruga kusa da Runka, ita ke kawo wa mahaifiyata nono ranar kasuwa tun ban san kaina ba. Farin da aka yi a shekarun baya ya ƙarar musu da garke, saniya ɗaya ta rage, ita ma a kwance. Ɗanta Sambo, shi kaɗai ne namiji, ya bi motar shanu ya yi kudu, tun daga nan ba shi ba aike. An dai ce ana ganinsa a karar shanu ta Agege yana yi wa dillalai kora. Kowa ya san kunyar dawowa ba ko ɗan maraƙi ce ta riƙe shi.

Ta same ni a tsakar gidanmu, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce, "Malam, an ce Ikko za ku."

Na ce, "Ikko, Inna, in Allah ya so."

Ta ciro wani ɗan gora mai dogon wuya daga ƙarƙashin faifai, an toshe bakinsa da totuwar masara, an naɗe da tsumma. Ta ce, "Ka kai ma Sambo. Ka ce mashi saniyarshi ba ta mutu ba, ta tashi, har ta haihu mace. Wannan man nononta ne, ni na soya da hannuna. In ya ci ya san ba ƙarya nike ba. Kada dai ka kwantar da goran, ɗan nan."

Na girgiza shi, ko motsi bai yi ba, sanyin lokacin ya daskarar da man kamar dutse. Na ce, "Inna, ki ɗauka ya riga ya ci." Haka na faɗa, da murya irin ta wanda Ikko ke aljihunsa.

Daga Batsari muka bi mota zuwa Katsina, daga nan Kano, sannan jirgin ƙasa. Duk tsawon tafiyar Sale ne ya riƙe goran a tsaye tsakanin cinyoyinsa, ko barci ya ɗauke shi hannunsa na kan wuyan goran. Muka sauka a wani ɗan masauki kusa da tasha, aka jingine goran a kusurwar ɗaki, mu kuma muka fita buɗe ido.

Kuma mun ga abin kallo, ba zan rage wa Ikko komai ba. Mun ga hanya a kan hanya, motoci na gudu ta saman kawunan wasu motocin. Mun ga jiragen ruwa jere a kan ruwa, kowanne ya fi unguwarmu tsawo. Mun tsaya gindin wani bene muna ɗaga kai har hular Lawal ta faɗi. Sale ya ce shi abin da bai gane ba, ina mutanen nan suke noma. Lawal kuwa duk inda muka tsallaka titi sai ya kama hannuna yana salati. Ni ne a gaba, cikin kwat, jaka a hannu, ina nuna musu abubuwa ina ba su sunaye (rabin sunayen a kan allo nake karantowa a sace, sauran kuma nan take nake ƙirƙira).

Kowace safiya Sale zai dubi kusurwar ɗaki ya ce, "Malam, yau fa mu kai saƙon tsohuwar nan." Ni kuma in ce, "Agege ba gudu za ta yi ba." Gaskiyar magana, ban san hanyar Agege ba, kuma ban so su ji ina tambaya. Ga shi ban so sabon takalmina ya taka kashin shanu. Daga cikin kashin shanu na fito, na zo Ikko ne in huta da shi.

Haka muka yi ta ɗagawa har ya rage gobe za mu koma. Na tsara musu ranar: da safe bakin teku, daga nan babban kantin da ake ta ba mu labarin matakalarsa mai tafiya da kanta, sannan Agege. Sale ya ɗauki goran ya rataya a kafaɗa da igiyarsa. Na ce ba za a yi haka da ni ba. Hoto za mu ɗauka a bakin teku, hoton da za a manna a ɗaki, ba za a ce ga 'yan Batsari sun zo Ikko da gora ba. Na karɓe shi, na buɗe jaka. Ya ƙi shiga a tsaye, sai na kwantar da shi tsakanin jaridu na danne.

Sale ya ce, "Ta ce fa kada a kwantar."

Na ce, "Daskararre ne, ina zai je?"

Ni da na yi kwana da kwanaki ina narkewa a cikin kwat, ban taɓa kawo wa raina cewa man shanu ma zai ji zafin Ikko ba. A kaina har lokacin sanyin Batsari ake yi a cikin goran.

A bakin teku na ajiye jakar a kan rairayi, rana na dukanta, muka naɗe ƙafar wando muka shiga ruwa iya idon sawu. Lawal ya ɗanɗana ya tofar. Sale ya damƙi rairayi ya murza, ya ce ko gyaɗa ba za ta yi a nan ba. Mun daɗe muna kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Mai hoto ya ɗauke mu, ni a tsakiya na rungume jaka. Na ji ta da ɗumi, na ce rana ce.

Kantin kuwa, da shigarka sanyi zai mare ka. Daɓensa har ka ga fuskarka a ciki. Ga matan Turawa, ga manyan Yarabawa da kayan leshi, kowa na tura ɗan keken zuba sayayyarsa. Muka tsaya gaban matakalar nan muna nazarinta. Na ce su lura da yadda zan yi. Na taka, ta ɗauke ni, na tsaya ƙyam, jaka a gefen cinya, ina kallon sama kamar da ita aka haife ni. Sale ya biyo, ya ji daɗi, ya ce sai mun sake. Muka sauko, muka hau, muka sauko, muka sake hawa.

A hawa na ƙarshe ne na ji ƙamshi. Ƙamshin tuwon gidanmu, a tsakiyar kantin Turawa. Har na ce a raina, ashe su ma suna sayar da shi. Sai Lawal ya matso kunnena ya ce, "Malam, kada ka waiwaya da sauri, amma jakarka tana fitsari."

Na waiwaya. Tun daga ƙofar kanti wani siririn layi ruwan ɗorawa ya biyo mu, ya zagaya wurin sayar da agogo inda muka ɗan tsaya kallo, ya je gindin matakala. Matakalar kuwa ta kwashe rabonta tana ta juyawa da shi, tana shafa wa takalmin duk wanda ya hau. Ƙafar wandona ta dama ta jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, sanyin kantin ya fara daskarar da man a kai, ya yi fari fat. Wani babban mutum mai malum-malum ya sauko daga matakalar, santsi ya kwashe shi, ya yi zaman daɓas, lemon da ya saya ya watse. Allah ya taƙaita bai ji ciwo ba, amma an tsayar da matakalar, kowa ya bi layin man da ido, layin kuma bai ƙare ko'ina ba sai a gindina.

Manajan wurin ya zo, cikin ladabi ya ce in buɗe jaka. Na fara yi masa Turanci, ina ce masa ni jami'in ilimi ne, takardun aiki ne a ciki (ina wannan bayani man na ɗiga a kan takalmina). Ya ce duk da haka in buɗe. Na buɗe a gaban jama'a. Ga jaridun bara sun yi sharkaf, ga gora kwance, totuwar ta fice. Wata mata ta toshe hanci, wata kuma ta sunkuyo tana tambaya ko maganin gargajiya ne. Turancin ya ƙafe mini ƙaf. Ban san lokacin da na durƙusa na cire hankici na fara goge daɓe ba, Sale da Lawal suka durƙusa tare da ni, muna goge muna ƙara shafewa. A ƙarshe manajan ya roƙe mu, don Allah mu bari haka, mu dai fita.

A waje babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi mini ciwo. Sale ya karɓi goran ya leƙa, ya ce, "Saura abin da ya manne a gindi." Sai a lokacin na daina tunanin wandona, na tuna tsohuwar da ta yi ta tara man saniya ɗaya tana hana bakinta. Na tare mutum na farko da na gani na tambaye shi hanyar Agege, a gaban abokaina, kuma ban mutu ba.

Samun Sambo bai yi wuya ba, muna ambaton Runka aka nuna mana shi a bayan wasu bijimai. Dogo ne, ramamme, da sanda a kafaɗa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya bar uwarsa a ƙarshe. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, sannan na miƙa masa goran na ce, "Man kuma, Sambo, ni na zubar. Ta ce kada in kwantar, na kwantar." Na ba shi labarin duka, ban rage ko matakalar ba.

Sambo ya karɓi goran. Ya kai bakin goran hanci ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya karkata shi, ya zura yatsa ya lakato ɗan abin da ya gangaro, ya sa a baki. Ya juya mana baya yana kallon shanun mutane, mu ma muka kama kallon shanun. Can ya ce, "Mace ta haifa, ka ce?"

Na ce, "Mace."

Da za mu tafi na miƙa hannu in karɓi goran, don a wajenmu ba a cinye tuwo a riƙe akushi. Ya rataya shi a kafaɗarsa ya ce, "Bar shi, Malam. Ka ce mata ni zan kawo."

Ranar kasuwar farko bayan mun dawo Inna Hajjo ta zo tun da hantsi. Na kwana ina shirya yadda zan fara, amma ba ta ba ni dama ba. Ta ce, "Ya ci?"

Na ce, "Ya ci, Inna, amma lakata ɗaya." Na sunkuyar da kai na zayyana mata abin da na yi. Mahaifiyata tana gefe tana tafa hannu tana salati.

Inna Hajjo ta saurara har na gama, ta dubi hannuwana ta ce, "To ina gorana?"

Na ce, "Ya hana ni. Ya ce shi zai kawo da kansa."

Ta zauna a bakin turmi, ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta jima a haka. Da ta buɗe sai ta cika ƙwarya da kindirmo ta tura mini, ta ce in sha, hanya ta ramar da ni. Na karɓa na shanye, kaina a sunkuye. Sambo kuwa ya cika alkawari, ruwan farko na sauka ya iso Runka da goran a kafaɗa.

Kwat ɗin bai sake sawuwa ba, jakar kuma kyanwoyin gidanmu suka gaje ta. Sale da Lawal sun riƙe mini sirri har muka iso tashar Batsari, daga nan ko 'yan ajina sun san wane ne Malam Mai Naso. Tun daga ranar, in aka ba ni saƙo sai na kai shi kafin in je kallon komai, kuma a hannu nake riƙe shi kowa na gani. Na gwada ɓoye ƙauyancina a jaka sau ɗaya, sai da ya ɗiga tun daga ƙofa har saman bene.