Yaƙin Nalado da Ganuwar da Ba Ta da Ƙofa

Da sunan Mai raya mulki da kashe shi muke buɗe tarihin Nalado ɗan Jibo mai gyaran rediyo, jikan Korau mai gyaran agogo, tattaɓa-kunnen Sarkin Ƙofa Barmo, wanda ya tsufa yana kulle ƙofar gari da magariba bai taɓa kwana a waje ba. Nalado sadaukin wayoyi, murucin kan dutse, wanda in ya yi gyaran murya firinta, na'urar buga takardu, kan farka!

A zamaninsa ne Hajiya Yalwa, mai asibitin dabbobi a bakin kara, ta sayo saba, wato uwar garken kwamfutoci. Baƙar na'ura ce, ba fuska ba baki, ba ta cin komai sai sanyi, kuma tana da fanka a cikin cikinta, halitta mai yi wa kanta fifita. Aka kai ta ɗakin bene aka ajiye. Wata Injiniya Murja za ta zo daga Kaduna bayan azahar ta ɗora mata rumbun bayanai, inda za a riƙa adana labarin kowane sa da kowace tunkiya. Amma kafin baƙuwa ta sauka sai an share gida, wato a shirya babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar.

Hajiya ta ce, "Nalado, in ta zo ba ka gama ba, ɗan ƙanwata na Abuja zai karɓi aikin nan."

"Hajiya, ko benen ba zan hau ba. Daga teburin mai shayi zan ci garin nan!"

Ya kuwa kafa sansani a can, ya buɗe laftof, ya kutsa cikin sabar ta hanyar sadarwa, ta wata 'yar ƙofa da masana ke barin wa kansu. Ya yi bismilla, ya ɗaga yatsa, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko ke!" Ya sabunta babbar manhaja, baƙaƙe suka yi ta kwarara a allo kamar tururuwa masu ƙaura. Ya raba ma'ajiyarta kashi-kashi da adalcin alƙali a rabon gado, ya ware wa rumbun bayanai ɗakinsa. Ya tarar agogonta na bin lokacin wata ƙasa mai ƙanƙara, ya murɗo shi ya dawo gida. Ya fatattaki rundunar ƙananan manhajoji marasa amfani, suka watse ko waiwaye babu. Sau da dama wuta ta yi ƙifce, shayi ya huce, amma sadauki bai gusa ba.

Saura katangar tsaro, ganuwar da ke hana ɓarayin intanet shigowa. A nan jinin Barmo ya motsa. Nalado ya ga ƙofofi barkatai a buɗe, ya tuna kakan kakanni, ya miƙe tsaye har benci ya faɗi.

"A rufe! Duka a rufe! Ko ƙuda ba zai wuce ba!"

Ya danna. Umarni ya zartu da cikakkiyar biyayya. Ƙofofi suka rufu ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar ƙofar da shi kansa yake leƙawa ta cikinta. Allo ya sandare. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya faɗi sunansa da kalmar sirri, ganuwa ta ce ba ta san shi ba. Abin da Barmo bai taɓa mantawa ba shi ne, mai kulle ƙofa daga ciki yake tsayawa.

Ga rana ta take tsaka. Magani ɗaya ne, a hau bene a jona wa na'urar allo a yi mata magana baki da baki, ita kuwa ba a sayo ta da allo ba. Allon da ke kusa shi ne talabijin ɗin Baba Tukur maigadi, wanda ke tsakiyar kallon dambe.

"Baba, don girman Allah, aron minti kaɗan."

"Kai da za ka ci gari daga teburin shayi? Ɗauka, amma a kanka, ba ni da dawaki."

Haka mayaƙi ya ratsa layin masu jiran allurar awaki da talabijin a ka, waya na jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya, wani bunsuru na biye yana taunar ta. Ya hau bene, ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya jona wa sabar talabijin, ya buɗe 'yar ƙofarsa a ganuwa, ya buɗe wata don rumbun bayanai, daidai lokacin da aka ji takun Injiniya Murja a matakala.

Ta zauna, ta duba, ta ɗan taɓa nan da can. Nalado ya gyara hula, ya buɗe ƙirji yana jiran kirari.

Ta ce, "Ba laifi. Wannan talabijin ɗin fa?"

Aiki dai bai tafi Abuja ba. Ganimar yaƙi kuwa ita ce sanƙarewar wuya, da sabuwar wayar talabijin da Baba Tukur ya ce sai an sayo masa, domin bunsuru ya cinye rabin tsohuwar.