Nomau da Shuka Mai Cin Ƙwari

Ku matso ku sha labari. A wani ƙauye a gindin duwatsun Mambila akwai Kawu Barau, tsohon direban tirela, da matarsa Inna Ladidi, da ɗan ƙanwarsa Nomau, ƙato har da gemu, wanda in ka ce masa tsaya nan, ko bayan damina ka dawo nan za ka same shi. 'Yar Kawu da ke aure a Malesiya ta zo ganin gida, ta kawo masa wata shuka ta dazukan kan duwatsun can. Kowane ganye da ɗan tulu a rataye, har da murfi. Ƙwaro ya leƙa lasar zaƙi, santsi ya kwashe shi, shi ke nan an yi kalaci. Kawu ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Ya damƙa wa Nomau, ya ce, "Ranar da ta mutu, ranar za ka tattara komatsanka." Nomau kuwa ba shi da wani gida sai wannan.

Wata rana Kawu zai tafi kasuwa, ya ce, "Duk abin da ke tashi sama abincinta ne, ka ba ta." Ya dawo ya tarar gida ya kaure, Nomau na ta kokawar cusa kan zabuwar Inna cikin tulun da bai wuce babban yatsa ba. "Kawu, ta ƙi ci. Ko sai an fige mata?" Inna ta bi shi da muciya har bakin rafi.

Wata rana Inna ta ce, "Kai dai ka lallaɓa ta kamar jaririya, mu huta." Ai kuwa gogan ya ari zani ya goya tukunyar shukar, ya shiga gari yana jijjigawa. Ruwan tulunan ya tsiyaye masa a gadon baya, da guntayen tururuwa. Ya ce wa masu shan shayi, "Ta yi fitsari, lafiya ke nan." Har wanzami ya kira a yi mata askin suna, dariya ta hana bawan Allah buɗe zabira.

Da zafi ya shigo, tulunan suka fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Kawu ya dube ta, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce, "Ba zan iya kallon mutuwarta ba. Ɗauke ta ka kai ta can inda sama ta haɗu da ƙasa." Nomau ya waiga gabas ya waiga yamma, sai ga gajimare zaune daram a kan dutse. Ya ɗora tukunya a ka ya kama hawa. Can cikin kurmi, inda raɓa ke ɗiga ko da tsakar rana, ya saƙala ta a reshe, ya yi mata sallama. Ya sauko ya ƙulle kayansa, yana kwana da su a ƙarƙashin kai don tsoro.

Bayan 'yan makonni Kawu ya ce a je a ɗauko masa ko tukunyar ce. Suka hau, tsoho na haki yana tsine wa dutse. Sai ga sababbin tuluna jajaye suna lilo, kowanne cike da cinnaka. Kawu ya share ido da hularsa, ya dafa kafaɗar Nomau, ya ce, "Ɗan nan, daga yau ba inda za ka."

Nomau ya nemi wuri ya zauna.

"Tashi mu tafi gida mana."

"Kawu, kai ka ce ba inda za ni."

Sai da tsoho ya riƙo hannunsa, ya ja shi har gida.