Reshe Mai Fure a Hanyar Kagoro

Ba a daɗe da fara kashe naira ba aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ni ma na sayi babur. Ina koyarwa a Kagoro, ina kuma neman Rifkatu, ɗaya daga cikin mawaƙan cocinmu, wadda har lokacin ba ta ce mini e ba.

Wata Lahadi bayan ruwan sama na goyo ta za mu Kafanchan. Sai ga reshe mai jan fure tsaye a tsakiyar hanya, cikin ɗan ruwa. A littattafan soyayyar da nake karantawa, saurayi ba ya wuce fure. Na karkata babur, na miƙa hannu.

"Malam, kauce," in ji Rifkatu.

Na ɗauka kunya ce.

Furen dai na samu, har da reshen gaba ɗaya. Amma tayar gaba ta nutse ta lanƙwashe, mu biyu muka zauna cikin taɓo. Ashe kowa ya san a rami mai zurfi ake kafa reshe, ban da ni.

Washegari na je ofishin masu gyaran hanya neman diyya.

"Kun bar rami ba gyara," na ce wa akawun.

"Ai reshen nan shi ne gyaran," ya ce. "Kai ka cire shi?"

Har yau ina mamakin wanda ya zaɓi mai fure, alhali ga ganye ko'ina.

Rifkatu ta aure ni. Amma duk ranar da muka yi baƙi, sai ta soka ganye a tsakiyar miyata.

"Malam, a hankali, nan da zurfi."